Tsakuwa Hamsin da Uku a Ƙoƙon Kaka

Ranar Lahadi ta biyu a watan Agusta na shekarar 1978, ruwa ya sauko wa Jos tun da asuba ya ƙi ɗaukewa, irin yayyafin nan mai naci da ke shiga har cikin ƙashi. Shekarata goma sha ɗaya. Ina tsaye a tsakar gidanmu a Jos Jarawa, riƙe da baƙar laimar Baba mai karyayyen ƙarfe ɗaya, ina kallon Mama tana goya ƙanwata jaririya da zanen matan zumunta na cocinmu, zanen da rabonta da shi tun kafin ta haihu. Ta ja ta ɗaure tamau, ta rufa tsohon bargo a kai, sannan ta juyo ta ce mini, "Rifkatu, riƙe laimar nan da kyau. Coci za mu." Gabana ya faɗi, amma gaskiya murna ta fi tsoron yawa. Kwanan jaririyar hamsin da uku a duniya, kuma babu wanda bai san dokar cocinmu ba: macen da ta haifi mace ba ta taka bakin ƙofar coci sai ta cika kwana tamanin. Kaka, wadda ta haifi Babanmu, tana zaune a ƙofar ɗakinta da wani ƙoƙo a cinya. Ba ta ce ku tafi ba, ba ta ce ku tsaya ba. Muka wuce ta gabanta, muka fice ta ɓarakar shingen kerana.

Gidan namu ɗakuna uku ne na ƙasa, biyu da jinka, ɗaya da kwanon da Baba ya sayo a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Akwai rumbun acca a tsakiya, da madafa mai baƙin bango, da turken awaki a gefen da iska ba ta bugawa. Baba yana aikin haƙar kuza a wajen Barikin Ladi, sai ƙarshen wata muke ganinsa, ya zo da burodi da sabulu da gajiya. Saboda haka gidan a hannun mata uku yake, Kaka da Mama da ni, in har za a kira ni mace a lokacin. Ni ce mai ɗebo ruwa a rafin da ke gangarowa daga duwatsu kafin in tafi makaranta, ni ce mai kai awaki in ɗaure su a inda ba za su shiga dankalin mutane ba, ni ce kuma mai dakan acca, aikin da na tsana fiye da bulalar malamin lissafi. Wanda bai taɓa regaye acca ya raba ta da yashi a cikin ƙwarya ba, bai san haƙuri ba. Abin da nake so a gidan gaba ɗaya shi ne tsofaffin tukwane biyu da aka rataye a ƙarƙashin jinkar madafa, domin a cikinsu tantabaruna suke kwana. Malam Sani tela, maƙwabcinmu Musulmi, shi ya ba ni su tun suna tsaki, ladan zaren da nake zura masa a allura idan idonsa ya gaji. Ɗaya fara ce sol, ɗayan kuma toka-toka mai kore a wuya. Ko daga makaranta nake dawowa, tun daga kan dutse suke gane ni su taso.

Cocinmu ƙarami ne, bangon ƙasa da bencuna na katako, ƙararrawarsa guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a bishiyar turare. Fasto sau ɗaya a wata yake zuwa daga cikin gari a kan keke, ya ba da jibin Ubangiji ya koma. Sauran Lahadin kuwa Baba Iliya ne mai coci. Dattijo ne dogo, tsohon hedman, wato shugaban leburori, a wurin kuza, ya saba da usur da layi da a yi abin da aka ce. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ne yake bin gidajen marasa lafiya da ƙafa, shi ne kuma ya koya wa rabin unguwar karatu a gindin bishiyar nan. Amma Baba Iliya ya karanta dokokin Musa ya riƙe su da hannu biyu. Shi ya kafa cewa mai jego, in namiji ta haifa ta yi kwana arba'in a gida, in mace ce ta yi tamanin, ranar da ta cika kuma ta zo da tantabaru biyu, ta tsaya a waje a yi mata addu'ar tsarkakewa, sannan a shigar da jaririn a sa masa suna a gaban ikilisiya. A manyan coci-cocin cikin gari ba a yin haka, mun sani, amma namu namu ne. Tantabarun kuwa, mu yara mun san inda suke ƙarewa, don ƙamshin farfesu ba ya ɓoyuwa a unguwa ranar Lahadi da yamma.

Babu wanda ya mara wa wannan doka baya kamar Kaka. Mahaifinta shi ne mai tsafin dutsen ƙauyensu, a hannunsa ta tashi. Ta ga yadda ake zuba jinin zakara kafin kowa ya ɗanɗana sabuwar acca, ta san hanyar da mace ba ta bi, da kwanakin da ba a ɗaga murya. Da ta karɓi bishara tana matar aure, ta bar wannan duka, har 'yan uwanta suka yi shekaru ba sa cin abincinta. Amma wani abu ya daɗe yana damunta. Mai bisharar da ya zo musu cewa ya yi, ku zo yadda kuke, ku durƙusa ku yi addu'a, shi ke nan. Kaka takan ce, "Ko wurin mai unguwa ba na zuwa hannu rabbana, balle wurin wanda ya yi sama da ƙasa." Sai da ta koyi karatu ta buɗe Tsohon Alkawari, ta tarar da raguna da bijimai da turare da wanke-wanke, da kwanakin da aka ƙidaya wa kowane abu, sannan hankalinta ya kwanta. Ta ce ashe Allah ma ya san girmansa. Tun daga nan ba ta cin naman alade, ba ta cin tarwaɗa don ba ta da ɓawo a jiki, ranar Lahadi kuwa ko tsintsiya ba a taɓawa a gidanmu. Tuwon da aka tuƙa ranar Asabar shi za mu ci da sanyinsa.

Ina shekara takwas Mama ta haifi wata yarinya ranar Lahadi, muka riƙa kiranta Ladi kafin a sa mata sunan coci. Ladi ba ta kai ga sunan ba. Ta rasu tana da kwana sittin da wani abu, kwanakin Mama ba su cika ba, don haka ba a kai ta maƙabartar coci ba, ba a buga ƙarfe ba, matan zumunta ba su yi waƙa ba. A bayan rumbu aka binne ta, kusa da shinge, Baba Iliya ya yi gajeriyar addu'a ya tafi. Na tuna Mama tana tsaye ba ta kuka, tana ta kallon 'yar ƙasar da aka tara. Bayan kwana biyu na ji tana faɗa wa Baba a madafa cewa 'yarta ta zo duniya ta koma kamar ɓarauniya, ba ta taɓa jin an ambaci sunanta a gidan Allah ba. Wannan magana ta zauna mini a rai. Duk lokacin da na je ɗebo acca a rumbu, sai in kewaye wurin a hankali don kada in taka ta.

To, sai ga wata yarinyar a watan Yuni, ranar Alhamis, muka ce mata Lami. Ƙarama ce ainun, yatsunta kamar tsinken ashana, kukanta ma sai ka matso kake ji. Washegari da safe Kaka ta ɗauko ƙoƙo ta jefa tsakuwa biyu a ciki, ta jiya da ta yau, daga nan kullum bayan addu'ar safe sai ta ƙara ɗaya. Ƙwas! Ƙarar nan har yau tana kunnena. Sannan ta nuna tukwanen da ke ƙarƙashin jinka da sandarta, ta ce mini in ƙara wa tantabaru tsaba su yi ƙiba, ranar tamanin su ne za su tafi coci. Na yi kuka, na yi birgima, na ƙi cin gwate har yamma, ko a jikinta. Matar Malam Sani, wadda take shigowa kullum ta taya Mama wankan jego ta dama mata kunun kanwa, ta tambayi Kaka cikin ladabi, ta ce su dai arba'in suke yi, ko namiji ko mace, me 'ya mace ta yi aka ninka mata? Kaka ta ce haka aka rubuta. Ni kuwa tambayar nan ta shige ni ta ƙi fita. Ashe ni ma da aka haife ni sai da Mama ta yi tamanin? Ashe na fi Yohanna ɗan gidan Baba Iliya ƙazanta sau biyu, yaron da majina ba ta barin hancinsa?

A makaranta lokacin an cika maƙil, don gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga kyauta, har ajinmu yana zama a gindin mangwaro idan ba ruwa. Da an tashi tara, maza su tafi langa, mu kuma mu zana 'yar gala-gala a ƙasa ko mu zauna carafke. Ni ce gwanar carafke a ajinmu, aljihun rigata kullum cike yake da duwatsun da nake ci. A wurin carafken nan dabara ta zo mini wata rana. Lami ta fara tari, na kuma ga Mama tana satar kallon ƙoƙon Kaka da wani irin ido. Na ce a raina, ai abin ba wuya. Da na dawo gida na tarar Kaka ta tafi gona, sai na shiga ɗakinta na zuba tsakuwa goma a cikin ƙoƙon, na girgiza, na fito ina jin kaina kamar na ceci duniya. Da yamma ta kira ni. Ta shimfiɗa zani ta juye ƙoƙon, ta ware nawa gefe guda ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Nata baƙaƙe ne masu santsi na bakin rafi, nawa kuwa jajayen marmara ne na filin makaranta. Ta dube ni ta ce, "Ke, Allah za ki yi wa wayo?" Na ce ba Allah ba ne ya ajiye ƙoƙon. Kai, ranar na sha tsumagiya, amma ban ce ta yi haƙuri ba, kuma har yau ban ce ba.

Idon Kaka ya fara yana a shekarun nan, don haka ni ce mai karanta mata Littafi Mai Tsarki kullum da la'asar, a kan tabarma kusa da turmi, ita tana tsinke yakuwa ko tana feraye dankali. Ita take zaɓar wurin, kuma kusan kullum dokokin firistoci ne. Bayan dukan nan sai na ɗauki gabar yaƙi. In ta ce in buɗe Tsohon Alkawari, sai in buɗe Sabon Alkawari. Na karanta mata labarin matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini, wadda doka ta ce duk abin da ta taɓa ya ƙazantu, amma ta kutsa cikin taro ta taɓa gezar rigar Yesu, bai kuwa tsawata mata ba, bai aika ta ta ƙidaya kwanaki ba. Kaka ba ta ɗago ba, ta ce in nemo inda Maryamu ta kai jariri Yesu Haikali. Na nemo ina hura hanci, na karanta, sai ga shi ƙiri-ƙiri ita ma ta jira kwanakinta sun cika, ita ma ta kai tsuntsaye biyu. Kaka ta ce, to, uwar Ubangiji ta yi, Saratu ce ta fi ƙarfin yi? Saratu sunan Mama ke nan. Haushi ya kama ni har na ji hawaye. Haka muka yi ta yi wajen mako uku, ni in kawo nawa ita ta kawo nata, littafi ɗaya a tsakaninmu. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda Allah ɗaya zai ce a wanke, a jira, a yanka, sannan ya dawo ya ce ku zo kawai. Ko dai na farko ƙarya ne, ko na biyu raini ne. Na lura Kaka ma abin yana cin ta, don wani lokaci wuƙar takan tsaya a hannunta ta daɗe ba ta motsa ba.

A makon da ruwa ya tsananta, tarin Lami ya koma ciwon haƙarƙari. Mama ta kai ta asibiti a cikin gari aka yi mata allurai, aka ce a riƙa ɗumama ta, sauran kuma sai addu'a. In tana numfashi sai ka ga ƙirjinta yana lotsawa. Ranar Asabar da rana Kaka ta karɓe ta don ta shafa mata man kaɗanya, ta kara kunnenta a ƙirjin ta daɗe tana saurare. Da ta miƙa wa Mama ita, sai na ga ta ɗauki sanda ta zagaya bayan rumbu, ta tsaya a inda aka binne Ladi. Da la'asar da na ɗauko littafin, a karo na farko ba ta zaɓi wuri ba, ta ce in karanta inda nake so. Na buɗe wurin mutuwar Yesu, inda babban labulen Haikali, wanda ya raba mutane da wuri mafi tsarki, ya tsage gida biyu. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tambaye ni, daga ƙasa ya tsage ko daga sama? Na duba na ce daga sama. Ta tattara kayanta ta shiga ɗaki. Washegari da safe ta yi addu'arta, ta jefa tsakuwa ta hamsin da uku, Mama kuma ta ɗauko zanen zumunta.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Taɓo yana kama silifas ɗina, hannuna ya gaji da ɗaga laima don Mama ta fi ni tsayi. Mutanen da muka haɗu da su a hanya sai su gaishe mu su waiwaya. Da muka iso an riga an buga ƙarfe na biyu, matan zumunta sun fara kaɗa tulu a ciki. Baba Iliya yana bakin ƙofa da kwat ɗinsa ta Lahadi. Da ya gan mu sai ya matso tsakiyar ƙofar, ya ce a hankali, "Saratu, kwanakinki ba su cika ba. Koma gida, zan zo in yi wa yarinyar addu'a bayan sujada." Mama ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, gwiwarta a cikin ruwa, sannan ta miƙe ta ce, "Baba, na gode. Amma ka yi wa Ladi addu'a a gida, na ga inda aka sa ta. Wannan ba zan binne ta a bayan rumbu ba. Ba wurinka na kawo ta ba." Ya ce in ta shiga ta ƙazantar da wurin, alhakin ikilisiya duka yana wuyansa. Da gaske tsoro yake ji. Mama ta ce to za ta tsaya a nan har a tashi, kuma Lahadi mai zuwa ma za ta dawo. Waƙar ta mutu a ciki, kawuna suka fara leƙowa ta taga. Ni kuma bakina da ba ya shiru, na ce da ƙarfi ai labulen ya tsage, ni na karanta da idona. Wata mata ta ce a rufe wa yarinyar nan baki. Ban rufe ba.

Muna nan tsaye sai aka ce ga Kaka. Tana tafe a cikin ruwa ba laima, sanda a hannu ɗaya, kwando rufaffe a ɗayan. Na ga kafaɗun Baba Iliya sun sauka, don ya tabbata ta zo ne ta kora surukarta gida. Ni kuwa da na ji motsi a kwandon sai na san tantabaruna ne. Ta iso tana haki, ta gaishe shi, ta ce, "Iliya, ga tsuntsayen doka na kawo." Ya ce ai ranar ba ta yi ba, amma ya miƙo hannu. Kaka ta ajiye kwandon a ƙasa, ta zare murfin. Farar ce ta fara tashi, sai mai koren wuyan ya bi ta, fuka-fukansu suna watsa mana ruwa a fuska. Suka kewaya bishiyar turare sau ɗaya suka yi gabas. Kowa ya ɗaga kai yana kallo, har shi Baba Iliya. Kaka ta ce, "Shekara talatin ina tsoron in zo masa hannu rabbana. Ashe mai gida ya riga ya yanka Ɗan Ragonsa saboda baƙi. Baƙon da ya zo da 'yar tantabara a hammata bayan haka, ai raina shi ya yi." Ta kama hannun Mama, ta sa kafaɗa ta gefen dattijon, shi kuma bai hana ba bai kuma matsa ba, suka raɓa shi suka shiga. Na naɗe laimata na bi su, ina ɗiga ruwa a kan daɓen cocin.

Ban san wadda ta fara ba, amma tulun ya sake tashi, kacau-kacau ta amsa, matan zumunta suka matsa suka ba Mama wurinta na da. Baba Iliya bai shigo ba, a waje ya zauna a kan dutse a ƙarƙashin kwano har aka tashi. Da yake babu mai sa suna, Kaka ta kwance goyon da kanta, ta ɗaga Lami a gaban jama'a, ta ce sunanta Alheri. Ikilisiya ta amsa da amin, wasu da ƙarfi, wasu a ciki-ciki. A nan ne Mama ta yi kukan da ba ta yi ba a bayan rumbu. Da muka koma gida, tun daga shinge na hango tantabaruna a bakin tukwanensu suna gyara gashi, sun riga mu isowa. Na yi ihu. Kaka ta dube su ta yi dariya har tana tari, ta ce, kin gani, ya mayar mana da kayanmu.

Da la'asar na ɗauko littafin ina jin kaina a sama, na ce mata to yanzu sai mu daina karanta dokokin nan tunda ba su da amfani. Saura kaɗan in sake shan tsumagiya. Ta ce in ba don dokokin ba, da ita ba za ta taɓa sanin nauyin abin da aka yi mata ba. Wanda bai ga jinin zakara a kan dutse ba, bai ga an hana uwarsa hanya ba, bai ƙidaya tsakuwa ba, shi ne zai ɗauka shiga gaban Allah abu ne mai sauƙi tun asali. Ta ce labulen ba ƙarya ba ne, da gaske an rataye shi, kuma wanda ya rataye shi ne ya tsaga shi. Muka ci gaba da karanta raguna da turare kamar da, sai dai yanzu in mun gama takan ce in juya zuwa Sabon Alkawari mu ji yadda aka ƙare. Tarwaɗa kam har ta mutu ba ta ci ba. Ta ce wannan ba doka ba ce kuma, ƙyama ce kawai.

Alheri ta yi Lahadi huɗu a coci. Ranar Talata bayan ta huɗun, da hantsi, acca ta fara ja a gona, Alheri ta cika a bayan Mama, saura kwana huɗu ta kai tamanin. Kafin rana ta yi tsaka maganganu sun fara yawo a wurin zaman makoki, wai ga abin da taurin kai ke jawowa, wai an taka doka. Kaka ta ji. Ta miƙe a tsakiyar mata, ta buga sandarta a ƙasa, ta ce duk wadda take da wannan magana ta fito ta faɗa mata a fuska, ta kuma gaya mata wace doka Ladi ta taka. Ba wadda ta motsa. Can sai muka ji ƙarfen coci yana bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Baba Iliya ne. Da maza suka je maƙabartar coci da diga, suka tarar ya cire kwat ya riga ya fara haƙa shi kaɗai. Matan zumunta suka raka ta da waƙa tun daga gida, aka kira sunanta a bakin kabari sau uku. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba irinsa ba ne, amma daga shekarar ba a sake tsayar da mai jego a ƙofar cocinmu ba.

Yanzu inda gidanmu yake shaguna ne, babu rumbu babu kerana, 'yan keke mai ƙafa uku suna ɗaukar fasinja a daidai inda Ladi take kwance. Cocin ya zama na bulo mai lasifika. Bara aka haifa mini jika mace, kwananta takwas aka sa ta a mota aka kai ta gaban ikilisiya, ana ta ɗaukar hoto da waya, babu wanda ya tambayi uwarta komai. Na ji daɗi, don abin da muka tsaya a cikin ruwa dominsa ke nan, kuma in wani ya tashi gobe zai mayar da labulen, da ni zai fara haɗuwa ko da sanda nake dogarawa. Amma ina kallonsu suna shiga suna fita suna taunar cingam, sai na ji kewar tsohuwar nan da take shiga ƙofar da rawar jiki, don ta san abin da aka yi kafin a buɗe ta. Ƙoƙon nata yana wurina a cikin akwati, wani lokaci nakan juye shi a kan zani in ƙidaya. Hamsin da uku ne har yau, kuma ba zan cika su ba.